Inshorar Abokina da Kajin Alhaji Gide

Ranar da na sauka Ingila, abin da ya fara tarye ni ruwan sama ne, na biyu kuma Alhaji Gide. Ruwan ya ɗauke bayan 'yan kwanaki. Alhaji Gide har yau bai ɗauke ba.

Sunana Mannir, mutumin Wagini ne ni, cikin ƙasar Batsari. Malamin firamare nake a da, ina haɗawa da noman gero da wake, har lokacin da zuwa gona ya koma abin da sai mutum ya yafe wa iyalinsa kafin ya fita. Muka kwashe muka koma cikin garin Batsari, ni da matata Hajara da 'ya'yanmu biyu, muka raɓe a gidan wani kawuna. Daga nan na samu hanyar aikin kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari kusa da Manchesta. Mutanenmu sun san Manchesta saboda ƙwallo, shi ya sa har yau akwai masu ba ni saƙon gaisuwa in kai wa 'yan wasa, sai ka ce wurin mai shayi ɗaya muke zama.

Wanda ya yi mini hanyar ya yi alkawarin za a tarye ni da mota, kuma akwai ɗaki da gado. Na tsaya filin jirgi da jakata har ƙafafuna suka sandare, lambarsa kuma ta daina shiga. Ina tsaye ina karanto duk addu'ar da na sani, sai wani direban tasi gajere mai tumbi ya zagaye ni yana kallon kaina.

Ya ce da Hausa, "Wagga hula ɗinkin Katsina ce. Ɗan ina ne kai?"

Na ce Batsari.

"Allah Sarki. To ai ba laifinka ba ne, mutum ba shi zaɓar inda za a haife shi. Ni mutumin Safana ne. Shigo mota."

A falonsa na kwana har na samu ɗakin haya. Shi ya ba ni rigar sanyi, shi ya kai ni wurin aikin da ƙafarsa ya yi ta faɗa har aka gano sunana. Alhaji Gide mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, sai dai bakinsa ya fi hannun buɗewa. Kafin mu isa gida a ranar farko na san labarin kowane Bahaushe da ke garin: wanda ya saki matarsa ta waya, wanda ya ce wa danginsa likita ne shi alhali kwanuka yake wankewa, da wanda haƙoransa na gaba na roba ne.

Ni kuwa ina da labarin da ban so ya shiga wannan gidan rediyo. A ƙasan jakata, cikin safa, akwai robobin magani. Shekaru kafin tafiyar, a wani asibiti a Katsina, aka gwada jinina aka ce ina ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Hajara aka gwada ba ta da ita, yaran ma haka. Ban da ita ba wanda ya sani, ko mahaifiyata. Hajara ce ta zama agogona, kuma ko da na bar ƙasa ba ta ajiye aikin ba. Kullum da safe sai ta kira ta ce, "Malam, ka shayar da tumaki?" Wato na sha magani ko ban sha ba. Wata rana Alhaji Gide ya jiyo ta, ya leƙa bayan kujera, ya dube ni, ya ce shi dai ya san mutanen Batsari da son dabbobi, amma bai san abin ya kai haka ba.

Aikin bai yi mini wuya ba kamar Turancin. Ni da nake koyar da Turanci a aji huɗu, sai ga ni ina kallon bakin tsofaffi kamar kurma. Kewar gida kuma ta ciki ta fara kama ni. Na yi ta neman gero a kantuna ban samu ba, sai wata rana na gan shi a shagon da ake sayar da abincin karnuka da tsuntsaye. Gero dai, irin wanda nake nomawa, an zana hoton kanari a jikin leda. Na kwashi abin da zan iya ɗauka. Mai shagon ta tambaye ni tsuntsaye nawa gare ni. Na ce guda ɗaya ne, amma babba.

Asibitin da zan riƙa karɓar magani kuwa, na tsallake na garinmu na zaɓi na wani gari can gaba, sai na canza bas kafin in kai. In zan shiga sai in ja hular sanyi har gira, in ɗaga wuyan riga, in yi ta waige. Nas ɗin da ke duba ni wata dattijuwa ce, Sista Morin. Ita ta fara gaya mini cewa da wannan shigar tawa, ko wanda bai lura da ni ba sai ya lura. Ita ce kuma ta nuna mini sakamakon gwaji, ta ce maganin ya danne ƙwayar har na'urarsu ba ta iya ganinta a jinina.

Haka shekaru suka tafi, takardun zamana suka daidaita, aka ce ina iya kawo iyali. Sai dai ina zan sa su? Ɗakina gado ɗaya yake ci, kicin kuma mu da yawa muke haɗawa. Masu gidajen haya, wasu da sun ji yara sai su ce an riga an kama, wasu kuma su faɗi kuɗin da in na biya sai dai mu ci iska. Alhaji Gide ya ce in sayi gida kawai. Na tambaye shi ko ya ga na yi kama da mai sayen gida. Ya ce a nan ba mai saye da kuɗinsa, banki ke saya maka kana biya a hankali, shi ne abin da suke kira mogej. Na ce ina tsoron kuɗin ruwa. Limamin masallacinmu ya nuna mini irin bankin da ke haɗa hannu da kai ku sayi gidan tare, kana biyan hayar kasonsu kana kuma saye shi kaɗan kaɗan har ya zama naka.

Na je bankin da babbar riga. Wani saurayi mai ɗaurin wuya ya duba albashina da ɗan abin da na tara, ya ce akwai alamar haske. Har na fara jin ƙamshin girkin Hajara. Sai ya ƙara da cewa mutane da yawa kan yi inshorar rai, don in mai gida ya rasu a biya sauran bashin, iyali kada su rasa muhalli. Maganar ta dake ni a inda ke yi mini ciwo. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: in ɗauko Hajara daga Batsari in kawo ta ƙasar da ba ta da kowa, in faɗi in mutu, a watso mata kaya waje cikin wannan ruwa.

Ya haɗa ni da wata mata ta waya, ta fara jero tambayoyi. Ina shan taba? A'a. Giya? A'a. Ina hawan duwatsu ko faɗowa daga jirgin sama da lema don nishaɗi? Na ce inda na fito mutum ba ya neman haɗari da kuɗinsa, kyauta ake kawo masa har gida. Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai ta ce, da muryar nan tata mai daɗi, ko an taɓa gwada ni aka same ni da HIV.

Na ce mata na bar tukunya a kan wuta. Na ajiye wayar, na yi wa saurayin sallama, na fita ban ko ɗauki lemata ba. A zatona banki da masu inshora uwa ɗaya uba ɗaya suke, wanda ya faɗi a wurin ɗaya ya faɗi a duka. Na ɗauka gida ya tafi ke nan.

Da abin ya ishe ni, na rasa wanda zan tambaya sai gidan rediyon. Muna cikin tasinsa na ce, "Alhaji, ina da wani aboki."

"Kai ma kana da aboki? Madalla."

"Yana son sayen gida, ana neman inshora, shi kuma yana da ciwon nan. Ciwon zamani."

Ya rage gudu. "Nan garin yake?"

"Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba."

"Bahaushe ne?"

Nan na yi wauta na ce eh. Ya yi shiru, abin da ban taɓa gani ba, ina kallon leɓensa yana motsi. Mutanen garin yake bi ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce ya san wani Barista da ke gyara irin waɗannan al'amura, ko da yake shi bai taɓa gwada shi ba.

Ofishin Barista a saman shagon soya kaji yake, har kwat ɗinsa ƙaurin mai take yi. Bango cike da takardun shaida masu ƙananan rubutu, an rataye su can sama inda ido ba ya kai wa. Kafin in zauna sai da na biya kuɗin ganin sa. Na ba shi labarin abokina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in gaya wa abokin nawa, wanda yake jin tsawonsu ɗaya da ni, cewa abin mai sauƙi ne. Duk tambayar da aka yi ya ce a'a. In kuma aka nemi gwajin jini, akwai mutumin da ke ba da hayar nasa, zai je a madadinsa. Ya ce jini ne tas, mutane da yawa sun amfana da shi. Ya leƙa taga ya ƙwala kira.

Mun daɗe muna jin tahowar mai jinin kafin mu gan shi, don sai da ya tsaya hutawa a tsakiyar bene. Ya shigo, ƙato, idanu jajaye, karan sigari a bayan kunne, yana wani tari mai kama da injin niƙa da ya sha ruwa. Ya miƙo mini hannu yana rawa. Na dube shi da kyau, na ga in kamfanin inshora ya gwada wannan jini, ba hana abokina inshora kaɗai za a yi ba, motar asibiti za a turo masa. Ni mai ciwon na fi shi lafiya nesa ba kusa ba. Na ce zan je in shawarci abokina. Kuɗina dai sun tafi, kuma da na bi ta layin bayan 'yan watanni, ofishin ya koma wurin gyaran waya.

Ranar karɓar magani na kwashe labarin duka na gaya wa Sista Morin. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Sannan ta gyara zama ta ce in saurare ta. Da na yi ƙaryar, in ji ta, zan yi shekaru ina biya, ranar da na mutu kamfanin ya nemi bayanin likitana, ya ga abin da na ɓoye, ya hana Hajara ko sisi. Ta ce akwai wata ƙungiyar agaji da ke ba masu irin ciwona shawara a kan gida da inshora da aiki, kyauta, ta ba ni lambarsu. Na karɓa na yi godiya, na kuma yi makonni ban kira ba. Kowane sabon ofis a wurina sabon kunne ne.

Abin da ya tashe ni tsaye Malam Salisu ne. Wani Bakano ne da ke karatun digiri na uku, mutumin kirki, siriri tun haihuwa, irin wanda in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe shi. Bayan sallar Juma'a ya ja ni gefe, fuskarsa a dame.

"Malam Mannir, kai ne na kusa da Alhaji Gide. Don Allah me na yi masa?"

Na ce me ya faru.

"Kusan kullum sai ya zo ƙofata da farfesun kaza. Ya zauna ya tsare ni sai na cinye. Ina ci yana kallona, idonsa na kawo ruwa. In zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, Salisu, ka riƙa shan maganinka a kan lokaci, ba wanda zai ji daga bakina. Wane magani? Ni ko ciwon kai ba na yi. Wandunana duk sun matse ni."

Na tambaye shi ko wani ya taɓa yi masa wata magana, ko ya ga mutane sun canza masa. Ya ce ko kaɗan, Alhaji ne kawai.

Na koma gida ina dariya, amma kafin in kai ƙofa dariyar ta ƙare. Mutumin da ba ya iya riƙe labarin haƙoran roba ya riƙe wannan bai gaya wa kowa ba. Bai guji Salisu ba, bai daina cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Kaji ya yi ta saya.

Washegari na shiga tasinsa na zauna gaba. Na ce, "Alhaji, ka ƙyale Malam Salisu haka nan. Lafiyarsa ƙalau. Abokin nan ni ne."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Na jira ya buɗe ƙofa ya ce in sauka.

"Kai ne tumakin," in ji shi a hankali.

Na ce ni ne.

"Amma ka cuce ni, ɗan Batsari. Ka san kaji nawa na ɗura wa Bakanen nan?"

Sai kuma muryarsa ta canza. Ya ce yana da ƙanwa a Safana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ɓoye nata ciwon saboda kunya, ta ƙi zuwa asibiti don kada a gan ta a layi, aka yi ta cewa sammu ne. Sai bayan an binne ta ya ji gaskiya. Ya ce shi yana nan yana aika kuɗin hayaƙi da rubutu, alhali ƙwayar magani ɗaya a rana ce za ta riƙe ta. Na gaya masa batun lambar ƙungiyar da Sista Morin ta ba ni na ƙi kira. Ya share fuska da hularsa, ya tada mota, ya ce, "Ina lambar da aka ba ka? Kira su yanzu ina ji."

Shi ya kai ni ofishin ƙungiyar, ya kuma ce sai ya shiga, don shi yayana ne. Wanda ya karɓe mu wani Bature ne mai furfura, Devid. Tun kafin mu zauna ya ce shi ma ya daɗe da ƙwayar, ya faɗe shi kamar mai faɗin sunan unguwarsu. Da ya ga ina laluben kalmomi, sai ya ce suna iya kiran tafinta Bahaushe ta waya. Nan take Turancina ya warke. Hausawan ƙasar nan ba su da yawan da zan yarda da muryar da ban ga mai ita ba.

Ya warware mini abin dalla-dalla. Bankin da zai ba ni gida ba ruwansa da jinina, albashina yake dubawa, kuma inshorar rai ba dole ba ce kafin a ba ni. In ina son ta don iyalina, akwai kamfanonin da yanzu suke karɓar masu ƙwayar, muddin mutum yana shan magani kuma ta kwanta. Za su nemi bayani daga likitana da izinina, kuɗin kuma zai ɗara na sauran mutane. Abin da ba a so shi ne in yi ta buga ƙofofi da kaina ana kora ta. Akwai dillalan da suka san kamfanin da ke karɓa, zai haɗa ni da ɗaya.

Da Alhaji Gide ya ji an ce kuɗin zai ɗara na sauran mutane, sai ya matso da kujera. Ya ce wa Devid a duba dai, yaron nan marayan Allah ne, ga iyali, a rage wani abu. Devid ya ce shi ba ya sayar da komai, shawara kawai yake bayarwa. Alhaji ya ce haka kowane dillali ke cewa a kasuwar Batsari kafin a fara ciniki. Da ƙyar na fitar da shi.

Sauran abin bai zo da sauri ba. Na koma wurin liman a kan halaccin inshorar, ba tare da na faɗi ciwona ba. Ya ce malamai sun saɓa, ya kawo mini hujjar kowane ɓangare, ya ce in yi istihara. Na yi, zuciyata ta kwanta a kan yi. Kamfanin farko da dillaliyar ta tuntuɓa ya ƙi. Wani ya ce in dawo baɗi. Na uku ya karanta bayanin likita ya karɓe ni, da tsada kaɗan, amma da sunana na gaskiya da jinina na gaskiya. Na koma bankin, saurayin nan ya miƙo mini lemata da ya ajiye tun ranar, ya tambaye ni ko tukunyar ta ƙone.

Gidan ƙarami ne, bangonsa haɗe da na maƙwabta, banɗakin yana tsattsafo, filin bayansa kuwa akuya ɗaya in ta shiga sai ta fito da baya. Ranar da aka ba ni makulli, da hantsi, na zauna a kan matakalar bene na kira Hajara. Ina jiyo daka da kukan babura a bayanta.

Ta yi hamdala, ta tambayi ɗakuna nawa ne, ko akwai inda za ta shanya kaya. Sannan ta ce, "To Malam, bashin a shekara nawa za ka biya?"

Na ce ashirin da biyar.

Sai ta sake tambaya.

"Masu inshorar sun san halin da kake ciki?"

"Sun sani. Har bayanin likita sun karanta."

"Suka kuma sa kuɗinsu a kan za ka kai."

Na ce ga alama.

Sai na ji ta fara dariya, irin wadda ba ka rabe ta da kuka. Ta ce, "Kai da makon da aka gaya maka kana da ciwon nan ka sayar da babur, ka raba wa ƙannenka rigunanka, ka zaunar da ni kana nuna mini iyakar gona." Ta ja hanci, na ji tana share fuska da gefen mayafi. "Bari in aika wurin ƙanenka Sada ya maido da babbar rigar nan taka shuɗiya, in taho maka da ita. Tunda ashe zama za ka yi."